Ɗan Dakon Darasi Na Sha Tara

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Zane ya yi yana zana dusar ƙanƙara, kuma har yau bai taɓa sa ta a ido ba. Ya zana ta a kan rufin gida, ya zana ta a kan hular mai raba wasiƙa, ya zana ta a hannun yara suna jifan juna da ita. In wani ya tambaye shi yadda ake yi, sai ya ce, "Ba wuya. Duk inda ba ka sa tawada ba, ita ce."

Maɗaba'ar da yake aiki tana bayan tashar mota, tsakanin mai walda da wani shagon katifu. Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar bene, inda in Manaja ya taka da ƙarfi ƙura ke zubo masa a wuya. Tebur ne mai gilashi a sama da ƙwan lantarki a ƙasa. A shimfiɗa tsohon hoto, a ɗora takarda mai shara-shara, a kunna ƙwan, a bi layi da alƙalami. Aikin ke nan. Ana ce masa mai zane, amma shi ya san bin sawu yake yi.

Da can ba haka yake ba. Yana saurayi manyan motoci yake yi wa ado da fenti, da allunan masu aski. Tsohon mai maɗaba'ar, mahaifin Manajan yanzu, ya ga wani zaki a bayan wata tirela, ya bi motar har gareji yana tambayar wa ya yi. A ranar ya ɗauke shi aiki. Ya zaunar da shi ƙarƙashin matakala, ya ba shi doka ɗaya: "Kada ka ƙara, kada ka rage." Tun daga nan bai sake zana zaki ba.

Abin da maɗaba'ar ke ci da shi littafi ɗaya ne, na koyon Turanci na 'yan aji huɗu. An rubuta shi can ƙasar masu harshen tun kafin a haifi Baba, tsohon mai gidan ya samo izinin buga shi, makarantu kuma suka riƙe shi kamar da shi aka halicce su. Farantan bugu kuwa cinyewa suke yi. Duk bayan shekara uku ko huɗu sai hotuna su dusashe, hancin mutane ya fara ɓacewa, sai a kawo wa Baba ya sake bin su daga bango zuwa bango. Bugu takwas ya wuce ta hannunsa.

Ya san mutanen littafin fiye da yadda ya san wasu danginsa. Akwai maigida da lofe a baki, kullum yana karanta jarida, ba a taɓa ganin aikin da yake yi ba. Akwai matarsa da take yanka tuffa tun darasi na biyu. Akwai yaro da yarinya masu jan kumatu. Akwai kare. Karen yana da suna, yana da gadonsa kusa da murhu, a darasi na sha ɗaya ma har wajen likita aka kai shi don ya ƙi cin abinci. Da Baba ya ba matarsa wannan labari, cewa ta yi, "To, Allah ya ba shi lafiya. Ni da na haifa maka biyar, sau nawa na ga likita?"

Duk Turancin Baba daga littafin nan ya tsince shi. Ya iya tambayar ƙarfe nawa jirgin ƙasa mai zuwa bakin teku zai tashi. Ya iya cewa karensa ba shi da lafiya. Ranar da aka kai shi asibiti da ciwon ƙugu, wani likita baƙo ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya lalubi kansa sama da ƙasa bai sami kalmar ƙugu ba, domin a gidan maigida mai lofe ba wanda ƙugunsa ya taɓa ciwo.

Baƙin mutum ɗaya ne tak a littafin, a darasi na sha tara, inda iyalin suka tafi hutu wata ƙasa mai zafi. Ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Ba takalmi, ba suna. Ƙaton akwati a kansa, bayansa a duƙe, haƙora duka a waje. A ƙasan hoton jimla biyar ce, da Turanci mai sauƙi don yara su haddace: wannan ɗan dako ne, yana da ƙarfi, bai iya karatu ba, yana duƙa wa maigida, yana farin ciki. Yawan yaran da suka rera wannan da ƙarfi, malami na buga tebur da rula, Allah kaɗai ya sani.

Abin bai taɓa damun Baba ba. A wurinsa layi layi ne. Yadda yake bin jelar kare haka yake bin bayan ɗan dako, in an tashi ya wanke hannu ya tafi gida.

Autarsa ce ta hana shi sakat. Malamar makaranta ce, kuma littafin nan take koyarwa. Wata ranar hutu ta zo gida da wani tsohon kwafi da ta tsinta a ɗakin ajiyar makarantarsu, bugun farko, wanda aka yi kafin Baba ya taɓa littafin. Ta buɗe shi kusa da sabon a kan tabarma.

"Baba, duba mini nan. Shi wannan mutumin tsufa yake yi ne?"

"Wane mutum?"

"Sha Tara mana."

"Waye kuma Sha Tara?"

"Au, ba ka sani ba? Ai haka yara ke kiran duk wanda ubansa ke dako ko tura baro. Akwai wata yarinya a ajina, rannan na kira sunanta na gaskiya ba ta ko waiwayo ba, ta saba da wancan. In aka zo darasin kuwa sai ta ce cikinta na ciwo, ta fita."

Baba ya sa tabarau. A bugun farko ɗan dakon ya ɗan rusuna ne kawai, kamar mai gaida surukai. A bugu na tara kuwa saura kaɗan ya sumbaci takalmin maigida. Ya ɗauko rula ya auna, ya sake aunawa. Ba wanda ya sa shi. Abin da ya faru shi ne, kowane bugu daga wanda ya gabace shi yake bi, ba daga na asali ba, hannu kuwa in ya san inda layi zai lanƙwasa sai ya riga shi. Kaurin gashi yau, kaurin gashi bayan shekara huɗu. Baturen da ya fara zanen rabi ya duƙar da mutumin. Sauran rabin Baba ne ya ƙarasa masa, ba tare da an roƙe shi ba.

"Malam, ka yi shiru," in ji matarsa.

"Awo nake yi."

"To ka auna abincinka, ya huce."

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani sai ita: hannunsa na dama ya fara rawa. Da safe da dama-dama, zuwa azahar sai layi ya riƙa fita kamar sawun tsutsa. Manaja ya riga ya sayo kwamfuta, tana can bene an lulluɓe ta da ƙyalle tana jira. Baba ya san bugu na goma shi ne na ƙarshe da zai bi ta teburinsa. In bai miƙar da mutumin nan a wannan karon ba, shi ke nan, zai bar aiki ya bar shi a duƙe, kuma da hannunsa.

Kamar an ji shi, a shekarar aka kafa kwamiti na musamman don kawar da ragowar mulkin mallaka daga littattafan makaranta. Aka yi taron kwana uku a wani otal mai sanyi. Manaja ya tafi da Baba don ya riƙa ɗaga manyan hotunan a gaban mahalarta, tunda allon otal ɗin ya ƙi tsayuwa. Haka ya wuni uku a tsaye, hannu biyu a sama, kamar wanda 'yan fashi suka tare.

Shugaban kwamitin wani Farfesa ne, da kwat da taye a cikin wannan zafi. Ya yi awa biyu yana caccakar Turawa da irin Turancin da su kansu Turawan sai sun buɗe ƙamus. Duk wanda ya tashi sai ya ce ya goyi baya, sannan ya maimaita abin da aka faɗa da kalmomin da suka fi tsawo. Wani ya yi kuskure ya sa baki da harshen gida, aka juyo ana kallonsa kamar ya yi tusa, ya nemi gafara ya koma Turanci. An sha shayi, an tafa, an ɗauki hoto. Aka fitar da rahoto mai shafi tamanin.

Da Manaja ya tace shafi tamanin ɗin, abu biyu suka rage a rariya: a canza wa mutanen littafin suna, a kuma baƙanta musu fata. Rubutun darussa ba za a taɓa shi ba, domin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu a kansa aka gina su tun zamanin da, kuma ba mai son ya sake wannan wahala.

Saura mako uku a koma makaranta. Manaja, wanda ko me aka kawo masa sai ya nemo gajeriyar hanya, ya sauko wajen Dogo mai inji.

"Dogo, ba sai an sake zane ba. Duk inda fatar mutum take, ka ƙara mata tawada. Kowa da kowa, bai ɗaya."

"Yallaɓai, kowa da kowa?"

"Da wani yare na yi magana?"

"A'a. Har da karen?"

"Karen mutum ne? Bar shi."

Da gwajin ya fito, ma'aikata suka taru a kansa, har da mai shara. Ga maigida ya zama baƙi, da lofensa da jaridarsa, yana jin ɗumi gaban murhu cikin rigar ulu. Ga matarsa baƙa wuluk da gashi ruwan zinare har kafaɗa, tana nan tana yanka tuffarta. Ga yara baƙaƙe suna birgima a dusar ƙanƙara, an sa musu sunayen 'ya'yan Manaja. Dogo ya ce, "Wallahi kamar 'yan unguwarmu aka sace aka zuba a firji."

Aka buɗe darasi na sha tara. Dariyar ta tsaya, sannan ta dawo da ƙarfi. Shi ɗan dako dama baƙi ne, aka kuma ƙara masa nasa kason daidai da kowa. Ba ido, ba hanci, ba kunne. Wani dunƙulen baƙi ne kawai a ƙarƙashin akwati, sai haƙora suna haske kamar fitilar babur.

Farfesa ya zo sa hannu. Ya riƙa juya shafuka yana gyaɗa kai. "Madalla. Yanzu ɗan ƙasa zai buɗe littafi ya ga kansa." Da ya iso wajen dunƙulen sai ya cire tabarau. "Wannan fa?"

"Ɗan dako ne, ranka ya daɗe," in ji Manaja.

"A fito masa da fuska. Mutunci, Manaja, mutunci! Ai shi ne ruhin rahotonmu."

Baba, wanda bai taɓa buɗe baki a gaban baƙo a maɗaba'ar nan ba, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, tunda za a taɓa shi, a bar ni in miƙar da shi."

Farfesa ya waiwaya yana neman inda muryar ta fito, ya same ta ƙarƙashin matakala. "Baba, na ji daɗin wannan magana. Magana ce mai zurfi." Ya yi minti ashirin a kan zurfinta. Ya taɓo tarihi, ya taɓo tunanin al'umma, ya ce a gaskiya batun ya cancanci taro na kansa. Da ya gama ya duba agogo ya shiga mota. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Manaja ne ya fassara. "Ka dai ji. Ka mayar masa da ido da hanci, ka bar shi yadda yake. Rubutu ya ce yana duƙawa, jarrabawa ta ce yana duƙawa. Dokar babana tana nan. Kwana uku na ba ka."

Washegari da safe Baba bai ratsa tasha ya wuce kamar kullum ba, ya sami benci ya zauna. Duk tsawon shekarun nan yana gifta 'yan dako safe da yamma, bai taɓa tsayawa ya kalle su da idon aiki ba. Ya ga wani da buhu biyu a ka, wani da keken ɗinki, wani da katifa uku. Duk cikinsu ba wanda ya duƙa. Kowa a miƙe kamar an sa masa sanda a baya, wuya tsaye, ido na gaba, taku gajere-gajere.

Ya nemi shugabansu, wani dattijo mai kaurin wuya wanda ya daina ɗauka sai rabon aiki. Ya buɗe masa bugu na tara. Dattijon ya riƙe littafin nesa da ido, ya kalla, ya kalla, sai ya fashe da dariya.

"Kai, ku zo ku ga wani! Malam, shi wannan ɗan'uwan namu a wace tasha yake?"

"A littafi yake."

"To shi ya sa. Wannan bai taɓa dako ba. Ka duƙa haka da akwati a ka? Ko dai ba komai a cikin akwatin, ko kuwa yau za a kwashe shi zuwa wajen mai ɗori. Ina ma gammonsa?"

"Ba shi da shi."

"Ba gammo, ba takalmi, ga kuma dariya. Me aka ba shi yake dariya?"

"An ce farin ciki yake yi."

"Wa ya ce?"

"Masu kayan."

"Ai kuwa dole su ce. Wa ya zana wannan abin?"

Baba ya ce, "Wani ne." Ya gyara hula. "Ni ne."

Dattijon ya dube shi daga hula har takalmi. "Da girmanka? To, Allah ya kyauta. Tsaya in nuna maka." Ya naɗe tsumma ya yi gammo, ya sa mutum biyu suka ɗora masa akwatin wata fasinja, ya tsaya cak a tsakiyar tasha. "Kalli wuyan nan. Kaya a kan ƙashi suke zama, ba a kan nama ba. Mu in muna aiki ba ma duƙa wa kowa, ko gwamna ne sai dai ya yi haƙuri mu sauke. Yi sauri ka zana, ba yaro ba ne ni."

Baba ya zana shi a bayan wata ambulan, mai akwatin na ta masifa motarta za ta tashi.

Safiya uku ya yi yana aikin, daga buɗe maɗaba'a zuwa lokacin da hannu zai fara gardama. Ya kashe ƙwan da ke ƙasan gilashin, tunda ba abin bi. Ya ɓata takarda bakwai. Ya ɗaure wuyan hannun da ƙyalle, ya danne shi da na hagu. Ya ba mutumin gammo, ya ba shi silifa, ya rufe masa baki, ya miƙar da bayan. Yana miƙewa sai ga abin da Baba bai hango ba: ashe mutumin dogo ne. Ya fi maigida tsawo da kai guda, ga akwati a sama, sai ya zama maigida ne ke ɗaga kai yana kallonsa kamar mai tambayar hanya. Baba ya so ya rage masa. Ya auna tsohon zanen da rula, gaɓa-gaɓa, ya ga tsawon nasa ne tun asali, a naɗe yake kawai. Ya bar masa abinsa.

Ya kai wa Dogo. Dogo ya kalli zanen, ya kalli Baba, ya kalli matakalar bene.

"Kawu, wannan ai ya warke."

"Ka ga wani abu ne?"

"Ni? Ni inji nake kallo, ba hoto ba. Ka san idona ba kyau." Ya ɗauka ya wuce ɗakin faranti.

Aka buga dubu ashirin. Aka ɗinke, aka yanke, aka jera. Manaja ya sa hannu bai buɗe ba, domin bangon ya yi kyau, ga sunan kwamiti da manyan baƙaƙe. Saura kwana biyar a raba wa makarantu, Farfesa ya aiko a kai masa kwafi goma na taron ƙaddamarwa. Shi ma da bai buɗe ba. Yana neman shafin da zai ɗaga wa masu ɗaukar hoto ne, sai ya tuna da mutuncin nan da ya ba da umarni a fito da shi.

Kafin azahar motarsa tana ƙofar maɗaba'a. Wannan karon da harshen gida ya yi magana, kuma ashe ya iya shi sarai, har da zagi.

"Wa ya ba ka izini? Wannan abu ne da kwamiti ya amince da shi! Rubutu ya ce yana duƙawa, hoto ya ce yana tsaye. Yaro zai rikice. In aka tambaye shi a jarrabawa me ɗan dako yake yi, me zai rubuta?"

"Ya rubuta yana dako," in ji Baba.

"Ka ji ko, Manaja? Ka ji irin mutanen da kake ajiyewa? Mu muna can muna yaƙi da mulkin mallaka a matakin tunani, wani yana nan ƙarƙashin bene yana yi mana zagon ƙasa!"

Sake buga dubu ashirin a kwana biyar ba zai yiwu ba. Manaja ya yi zagaye biyu a tsakar maɗaba'a, ya samo gajeriyar hanyarsa. A buga tsohon hoton, na bugu na tara, mai duƙawa sosai, a 'yan ƙananan takardu, a manna a kan sabon, littafi bayan littafi, da hannu. Sannan ya juyo.

"Baba, don darajar mahaifina ba zan ce komai ba. Ka kwashe kayanka daga teburin nan, ka je ka huta. Amma kafin ka tafi, ɓarnar da ka yi da kai za a gyara ta. Na lura hannunka ya daina zane. Ai yana iya dama gam."

"To, yallaɓai."

Aka ba shi bokiti da sanda da buhun garin gam. A jikin buhun an rubuta awo: gwangwani ɗaya na gari, uku na ruwa. Baba ya sa tabarau ya karanta da kyau. Ya zuba gari ɗaya, ya zuba ruwa uku. Ya tsaya yana kallon bokitin. Ya ƙara uku. Ya dama har ya yi kyau a ido, fari, mai yauƙi, kamar na gaske.

Mai shara ta tsoma yatsa ta ce, "Baba, gam ɗin nan bai yi ruwa ba kuwa?"

"Sabon samfuri ne, Inna," in ji Dogo. "Ke dai manna."

Kwana huɗu mutum goma sha biyu suna zaune a dogon tebur: a shafa, a manna, a danna, a rufe. Baba ya yi nasa kason bai tsallake ko ɗaya ba. Fuskar da ya yi safiya uku yana nema, da hannunsa ya rufe ta sau fiye da dubu. Ranar ƙarshe ya naɗe alƙalumansa a tsumma, ya sa rula a aljihu, ya yi sallama da Dogo. Da ya waiwaya daga bakin ƙofa, an riga an sauko da kwamfutar, ana gwada ko za ta zauna a kan gilashin.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya share tsakar gidan da aka riga aka share. Matarsa ta zuba masa ido kwana biyu, a na uku ta kasa haƙuri.

"Malam, shekara talatin da huɗu kana cewa to. Sai da ya rage 'yan watanni ka fita da mutuncinka, ka tsiro da jarumta. Lambar yabo suka ba ka?"

"Bokiti suka ba ni."

"Ya dace da kai."

Mako na uku da komawa makaranta Dogo ya biyo da rana da labari. Takardun sun fara ɗagowa. Zafi ya taimaka, gumin hannu ya taimaka, sauran kuma yara suka ƙarasa, domin yaro in ya ga kusurwar takarda ta ɗaga ba mai hana shi ja. Kwamiti ya sake zama na kwana biyu a kan matsalar. Sun gano cewa gam ɗin gida ba shi da inganci, sun ba da shawarar daga yanzu a riƙa sayo gam daga waje. Kwamfuta kuwa tsohon hoton aka ba ta, bugu na sha ɗaya a duƙe zai fito.

"Sai yaushe?" in ji Baba.

"Nan da shekara huɗu, in an yi sauri. Ka san littafin makaranta, daga wa zuwa ƙane yake tafiya har ya zama tsumma."

Dogo bai daɗe da fita ba Auta ta yi sallama, da littafi a jaka. A ajinta ba kwafi ɗaya da ya rage da manne. Wani ma ya liƙa tsohon hoton a bayan babur ɗin hedimasta, hedimastan ya yi yawo da shi wuni guda.

"Jiya muka yi darasin, Baba. Na karanta musu cewa yana duƙa wa maigida. Sai wani daga baya ya ce, 'Malama, ƙarya ne, ga shi nan a tsaye.' Na ce haka aka rubuta. Ya ce to wanda ya rubuta bai duba ba."

"Yarinyar fa?"

"Cikinta bai yi ciwo ba. Ita ce ma ta ɗaga hannu ta ce gammon ya yi ƙanƙanta, na babanta ya fi shi."

"Sun daina kiranta da sunan?"

"Ina! Yara ne fa. Sai dai yanzu in an kira, harara take aikawa. Amma Baba, ka bar ni da aiki. Ranar jarrabawa me zan ce su rubuta?"

"Su rubuta yana duƙawa, su ci makinsu. Ido dai nasu ne."

Ya karɓi littafin da hannu biyu don kada ya yi rawa, ya matsa inda haske yake. Ya daɗe yana dubawa. Akwai ɗan tabon gam a kusurwa huɗu, mutumin kuwa yana tsaye a tsakiya da akwatinsa, bakinsa a rufe.

"Gaskiyarta, gammon ya yi ƙanƙanta," ya ce. "Ƙafar hagu ma ta ɗan karkace. Nan ne hannun ya kuɓuce mini."

"To sai ka koma ka roƙe su teburin ka gyara," in ji matarsa daga bakin ɗaki.

"A'a. Zai kai kayan a haka."

Ya rufe littafin ya miƙa wa Auta, ya ce in ta je gobe ta gaya wa yarinyar ta gaida babanta.